Yadda Ake Canza Rotil da Biyelet na Sitiyari, da Yadda Ake Lissafin Kuɗin Aikin

Mai mota a Maradi, musamman wanda ke yawan bin hanyar Dakoro ko Mayahi, ko mai shiga ƙauyukan bakin Gulbi da damina, ba ya daɗewa bai ji maganar rotil, wato gaɓar ƙarfe da ke haɗa sitiyari da tayar gaba, daga bakin makanike ba. Tambayar farko da kowa ke yi ita ce nawa aikin zai ci, kuma amsar takan bambanta ƙwarai daga gareji zuwa gareji, har mutum ya fara zargin ana cutarsa. Sau da yawa ba cuta ba ce. Wani kuɗin ƙarfe ɗaya kawai ya faɗa, wani ya haɗa da na ciki, wato biyelet, wani ya sa kuɗin daidaita tayoyi, wani kuwa bai ma tuna da shi ba. Na daɗe ina wannan aiki, kuma abin da na gani shi ne wanda ya san yadda ake yin sa ba ya shan wahalar lissafin kuɗinsa, ko da kansa zai yi ko a gareji za a yi masa.

Abin da ya kamata ka sani game da tsarin kaɗan ne. A ƙananan motoci irin su Corolla, Starlet, Carina da Peugeot, idan ka juya sitiyari, wani dogon ƙarfe mai haƙora da ake kira kiremaye ne ke matsawa hagu ko dama. A kowane gefensa akwai sanda mai gaɓa, wato biyelet, wadda robar sufule ke rufe gindinta. A ƙarshen biyelet kuma rotil yake, shi ne ke shiga kunnen ƙarfen da taya ke ɗaure a kai. Ke nan mota tana da rotil biyu, biyelet biyu da sufule biyu, kuma da wuya dukansu su mutu a rana ɗaya.

Kayan aiki da kayan canji

Za ka buƙaci kirik, da shandel biyu na tokare mota, da kilen kwance taya, da kile masu baki daga lamba 14 zuwa 22, da filaya, da guduma biyu, babba da matsakaiciya. Ka tanadi burushin ƙarfe, tsumma, alli ko fenti, tef ɗin awo, da man sassauta tsatsa irin WD-40. Idan babu shi, gazwal yana yi, sai dai yana buƙatar a ba shi lokaci ya jiƙa. Akwai ƙarfe na musamman na tuɓe rotil daga kunne, da wani na kwance biyelet, sannan da kilen da ke auna ƙarfin ɗauri. Samun su yana sauƙaƙa aiki, amma zan faɗi yadda ake yi idan babu su.

Kayan canji kuwa, kada ka sayi komai sai ka gama mataki na ɗaya. Abin da za a iya buƙata shi ne rotil, biyelet, sufule da maɗauransa, sabon gupil (ɗan siririn ƙarfe mai ƙafa biyu da ke hana noti kwancewa), da ɗan giris.

Idan ba ka da shandel, ka nemi guntayen katako masu kauri da faɗi. Kada ka tokare mota da bulon siminti ko tubalin ƙasa, domin suna fashewa ba tare da sun ba da wata alama ba. Ƙasar garinmu kuma rairayi ce a yawancin unguwanni, saboda haka ka shimfiɗa falanki a ƙarƙashin kirik don kada ya nutse ya karkace.

Mataki na 1: Gano ainihin abin da ya mutu

A nan ne ake yin asarar kuɗi mafi yawa, don haka zan daɗe a kansa. Alamomin da direba ke ji sanannu ne: ƙarar "kwas-kwas" idan an shiga rami ko ana juya sitiyari a hankali, mota tana yawo a kan kwalta sai an yi ta gyara mata hanya, sitiyari yana rawa, ko tayar gaba tana cinyewa ta gefe ɗaya. Matsalar ita ce waɗannan alamomi ba na rotil kaɗai ba ne. Rulma da ta lalace (ita ce taya ke juyawa a kanta), rotil ɗin ƙasa (wanda ke riƙe ƙafar taya ta ƙasa), robobin ƙafa, har da tayar da ta kumbura, duk suna iya kawo irin su.

Fara da mota a ƙasa, a wuri mai daidai, tayoyi suna kallon gaba. Ka juya sitiyari kaɗan hagu da dama da yatsu biyu, ka lura da tazarar da yake tafiya kafin taya ta motsa. A yawancin motocin Toyota iyakar da aka yarda da ita milimita 30 ce a bakin sitiyarin. Daga nan ka sa wani ya zauna a ciki yana kaɗa sitiyarin da ɗan ƙarfi, kai kuma ka durƙusa ka damƙe rotil da tafin hannunka. Rotil mai lafiya yana tafiya tare da kunnen kamar abu ɗaya. Wanda ya mutu za ka ji yana ɗan tsalle a hannunka kafin kunnen ya biyo shi, wani lokaci ma har ka gan shi da ido yana ɗagawa.

Sai ka ja birkin hannu, ka sa dutse a bayan tayoyin baya, ka ɗaga gaban motar ka tokare ta. Ka riƙe taya da hannu biyu, ɗaya ta gabanta ɗaya ta bayanta, ka girgiza ta ciki da waje. Idan akwai wasa, daga rotil ne ko biyelet ko kiremaye. Ka sāke riƙe ta sama da ƙasa ka girgiza. Wasan da ya fito ta nan na rulma ne ko rotil ɗin ƙasa, kuma canza rotil ɗin sitiyari ba zai magance shi ba. Don bambance rotil da biyelet, ka matse robar sufule da yatsunka har ka ji gaɓar da ke ciki, wani kuma ya girgiza tayar. Idan gaɓar tana bugun yatsunka, biyelet ta tafi.

Ka duba robobin da kyau. Sufulen da ya yage yana barin rairayi da ruwa su shiga, kuma rairayin da ya haɗu da giris yana cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Idan ka tarar sufule ya yage amma biyelet ba ta da wasa, ka ci sa'a, domin roba da giris kawai za ka saya. Idan kuma ka matsa sufulen ka ga man sitiyari yana zubowa daga ciki, to kiremaye ce da kanta ke yoyo, wannan kuma wani aiki ne daban mai kuɗi da yawa, wanda bai kamata mai koyo ya fara da shi ba.

Idan a gareji ake duba maka, ka nemi a nuna maka. Babu rashin ladabi a ce, "Maigida, don Allah a girgiza in gani da idona." Makaniken kirki zai ma kama hannunka ya ɗora a wurin.

Mataki na 2: Rubuta lissafi kafin a taɓa noti

Kuɗin wannan aiki kashi huɗu ne: kuɗin ƙarafan da za a canza, kuɗin ƙananan kaya irin sufule da gupil da giris, kuɗin hannu, da kuɗin paralelizim, wato daidaita tayoyin gaba bayan an gama. Duk wanda ya faɗa maka jimla, ka tambaye shi wanne da wanne ke ciki.

Farashin ƙarafan ba ya zama wuri ɗaya, kuma akwai dalili. Kaya da yawa daga Kano suke zuwa, daga kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa, su biyo Katsina da Jibiya su shigo ta Ɗan Isa. Sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa hawa da sauka take yi, musamman tun 2023, saboda haka canjin ranar da mai shago ya sari kayansa yana shiga cikin abin da zai faɗa maka. Kayan da a da ke biyo tashar jiragen ruwa ta Kwatano su ma tun 2023 hanyarsu ta ƙara tsawo. Don haka ka tambayi shago uku a rana ɗaya, a kan tambari ɗaya, sannan ka kwatanta.

Ga misalin lissafi, da alƙaluman da na ɗauka don a fahimci hanya kawai. Kai sai ka maye gurbinsu da farashin da ka samo. Mu ɗauka rotil mai kyau jika 10 ne, na araha jika 4, kuɗin hannu na gefe biyu jika 4, paralelizim jika 5. Mai kyau guda biyu da sauran kuɗin ya kama jika 29. Na araha ya kama jika 17. A ido bambancin jika 12 ne. Amma kuɗin hannu da na paralelizim ba su san ƙarfe mai kyau da marar kyau ba, duk sanda aka kwance sai an sāke biyan su. Idan na arahar ya mutu bayan damina ɗaya aka maimaita, an kashe jika 34, an zarce kuɗin mai kyau, ba a kuma lissafa tayar da ya ci kafin a farga ba. Araha ba ta ado, kuma a wannan wuri na sha ganin gaskiyar maganar.

Akwai tambayar ko dole ne a canza gefe biyu tare. Ba dole ba ne. Idan gefe ɗaya lafiyarsa ƙalau, robarsa ba ta tsage ba, ka bar shi. Amma idan tare aka sa su kuma ɗayan ya fara sakin jiki, ya fi sauƙi a canza su tare a biya paralelizim sau ɗaya. Haka nan idan za a canza biyelet, tilas sai an cire rotil kafin a kai gare ta, don haka bai kamata a caje ka cikakken kuɗin hannu sau biyu a gefe ɗaya ba.

Mataki na 3: Sayen kaya

Ka tafi da takardar mota, domin lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ita ce ke tabbatar da ƙirar motar da shekararta. Mafi kyau ma ka tafi da tsohon ƙarfen a hannu, ko da hakan na nufin sai an kwance kafin a saya. A gaban mai shago ka jera su biyu ka kwatanta tsawo, da kaurin zare, da kaurin wuyan da ke shiga kunne, da lanƙwasa. A motoci da yawa rotil ɗin hagu daban yake da na dama, kuma akan buga L ko R a jikinsa.

Tambarin da aka sani da inganci sun haɗa da 555 na Japan, CTR na Koriya ta Kudu, Lemförder na Jamus, da TRW, ban da na kamfanin motar kansa. Sai dai kwali ba shaida ba ne, domin ana kwaikwayon duk tambarin da ya yi suna. Ka fito da ƙarfen ka gwada lanƙwasa wuyansa da hannu. Sabo mai kyau yana da tauri, sai ka sa ƙarfi kafin ya motsa, kuma yana motsawa sumul ba tare da kakkamawa ba. Wanda ke kaɗawa da yatsa ɗaya tun yana cikin leda, ka ajiye shi. Ka matsa robar ka gani ko tana da laushi da kauri, ka duba zaren ko ya fita tsaf, ka kuma duba ko rubutun jikinsa bugu ne a ƙarfe ko fenti ne da farce ke gogewa. Kafin ka biya ka ce, "Alhaji, idan bai shiga ba zan dawo da shi," ka kuma karɓi takardar shaidar saye.

Game da kayan kas, wato na hannu da aka ciro daga wata mota, ra'ayina shi ne na asali da aka ciro da lafiyarsa yakan fi sabon jabu, amma sai wanda ya iya gwadawa, kuma sai an sa masa sabuwar roba. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a buɗe mataccen rotil a cusa masa guntun roba, ko a daddake bayansa da guduma don ya matse, ko a yi masa walda. Wasan yakan ɓace na ƴan makonni, amma ƙwallon da ke ciki ya riga ya cinye, kuma ranar da ya fice daga gidansa tayar nan ba ta ƙara jin umarnin sitiyari, ko da kuwa motar tana gudu cike da fasinja.

Mataki na 4: Shirya wurin da yin alama

Ka sassauta notocin taya tun mota tana ƙasa, ka ɗaga, ka tokare, ka cire tayar ka tura ta ƙarƙashin motar ta gefen da kake aiki, don ta zama kariya ta biyu. Ka goge zaren biyelet da burushi, ka zuba man tsatsa a kan notocin biyu, wato na maƙalewa da ke bayan rotil da na wuyansa, ka ba su kamar minti 15.

Kafin ka kwance komai, ka auna daga tsakiyar rotil zuwa wani wuri tsayayye a jikin biyelet, ka yi wa wurin alama da fenti, ka rubuta awon a takarda. Masu koyo sukan dogara da ƙirga zagaye kaɗai, alhali sabon rotil yana iya fin tsohon tsawo ko gajarta da ƴan milimita.

Mataki na 5: Cire tsohon rotil

Ka fara sassauta notin maƙalewa tun rotil yana cikin kunne, domin a lokacin ne yake da abin da ya riƙe shi. Rubu'in zagaye ya isa. Wanda ya manta ya tuɓe rotil tukuna zai sha fama da ƙarfe mai lilo a hannu.

Ka miƙe gupil da filaya ka zare shi, ka kwance notin wuya amma ka bar shi a kan zare biyu ko uku. Wuyan rotil tsukakke ne, yana kama ramin kunne da ƙarfi, don haka ba ya fita da kansa. Idan kana da ƙarfen tuɓewa, ka sa shi ka ɗaure a hankali har ka ji ya yi ƙara ya saki. Idan babu, ka jingina babbar guduma a bayan kunnen, ka bugi ɗaya gefen kunnen da matsakaiciyar, bugu mai kaifi sau biyu ko uku. Girgizar ce ke sa ramin ya saki wuyan. Kada ka bugi kan zaren, domin zai baje notin ya ƙi fita, kada kuma ka hura wa kunnen wuta, domin zafi yana rage ƙarfin ƙarfen yana kuma lalata rulma da ke kusa.

Da ya saki, ka cire notin, ka zare wuyan, ka riƙa juya rotil ɗin kana ƙirga zagayen da babbar murya har ya fita, ka rubuta adadin. Ka leƙa ramin kunnen: idan ya faɗaɗa ko ya daina zama da'ira saboda an daɗe ana tafiya da noti a sake, sabon rotil ba zai zauna ba, sai an canza ƙarfen da kunnen ke jikinsa.

Mataki na 6: Canza biyelet, idan ta mutu

Wanda rotil kaɗai zai canza ya wuce zuwa mataki na 7. Ka cire notin maƙalewa bayan ka yi wa mazauninsa alama, ka kwance maɗauran sufule biyu, ka zare shi. Ka juya sitiyari har ƙarshen kiremaye ya fito ta gefenka. A wasu motoci akwai wani siririn faranti da aka lanƙwasa a kan gindin biyelet don hana ta kwancewa. Ka miƙe shi tukuna.

Kuskuren da ya fi tsada a nan shi ne a murɗa biyelet da ƙarfi ba tare da an riƙe kiremaye ba, domin duk ƙarfin yana sauka a kan haƙoranta. Ka riƙe ta da kile a wurin da aka fafe mata don haka, ba a kan santsin da ke shiga ciki ba, sannan ka kwance. Idan ba ka da ƙarfen kwance biyelet, babban kilen famfo yana yi a kan tsohuwar, tunda jefar da ita za a yi, amma a kan sabuwar ka yi amfani da kile mai baki daidai da ita. Ka kwatanta tsawon biyun, ka sa sabon faranti ko maganin kulle zare, ka ɗaure sosai, ka lanƙwasa farantin. Ka shafa giris a gaɓar, ka mayar da sufule ba tare da ya murɗe ba. Waya ko igiyar roba ba sa riƙe babban bakin sufule yadda ya kamata. Maɗaurin ƙarfe ba shi da tsada, ka saye shi.

Mataki na 7: Ɗaura sabon rotil

Ka mayar da notin maƙalewa, ka ɗan shafa giris a zaren biyelet, ka juya sabon rotil daidai adadin zagayen da ka ƙirga, sannan ka tabbatar da awon da ka rubuta. Idan biyun suka saɓa, awo za ka bi. Ka goge wuyan da ramin kunne su bushe, domin ba a sa giris a nan. Ka shigar, ka ɗaura noti. Idan wuyan yana juyawa tare da notin, ka danna bayan rotil ɗin da kirik ko da dogon ƙarfe don ya kama, ko ka riƙe kan wuyan da ƙaramin kile idan an yi masa wurin riƙo.

A Corolla da makamantanta, ana ɗaure notin wuya a kusan niyuton-mita 49 (ma'aunin ƙarfin ɗauri ke nan a kan kilen awo), na maƙalewa 74, na taya 103. Idan ba ka da kilen awo, ka yi amfani da kile mai tsawon da aka saba ka ja da ƙarfin hannu, ba tare da ƙara masa bututu ko taka shi da ƙafa ba. Idan ramin gupil bai daidaita da tsagin noti ba, ka ƙara ɗaurewa kaɗan har ya daidaita, kada ka sassauta. Ka sa sabon gupil ka buɗe ƙafafunsa. Ƙusa ko guntun waya ba gupil ba ne. Notin da ke da roba a bakinsa kuwa, wanda ba ya buƙatar gupil, sau ɗaya ake amfani da shi.

Mataki na 8: Paralelizim

Wannan ne matakin da mutane ke tsallakewa don su rage jika kaɗan, kuma lissafi mai sauƙi zai nuna abin da hakan ke jawowa. Tayar ƙaramar mota tana da tsayin kusan santimita 60. Idan tazarar gaban tayoyin biyu ta bambanta da ta bayansu da milimita 3 kawai fiye da ƙima, daidai yake da a ja roba a kaikaice mita 5 a kowane kilomita. Daga Maradi zuwa Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600, an goge tayoyin a kan kwalta fiye da kilomita 3 ke nan. Zaren biyelet da yawa kuwa zagaye ɗaya milimita 1.5 ne, kuma motsin yana ninkuwa kafin ya kai bakin taya, don haka kuskuren zagaye ɗaya ma ya isa ya kai ka nan. Idan gaban tayoyin ya buɗe, gefen ciki ne ke cinyewa. Idan ya tsuke da yawa, gefen waje ne.

Abin da ya fi shi ne a kai motar wurin masu na'ura a ranar. Kafin a hau, a daidaita iskar tayoyi, a kuma tabbatar sitiyari yana tsakiya. Idan aikin ya same ka a inda babu na'ura, ga yadda za ka yi har ka iso gari. Ka sauke motar a wuri mai daidai, ka tura ta gaba ƴan mitoci don ƙafafun su zauna. Ka yi alama da alli a tsakiyar kowace taya ta baya, a tsayin da tef zai iya wucewa ba tare da ya taɓa ƙarƙashin mota ba, ka auna tsakanin alamomin. Ka tura motar gaba har alamomin su zagayo gaba a daidai wannan tsayi, ka sāke aunawa. A yawancin ƙananan motoci awon biyu kusan ɗaya ya kamata su zama, bambancin bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Idan akwai gyara, ka sassauta notin maƙalewa, da ƙaramin maɗaurin sufule don kada robar ta murɗe, ka juya biyelet kaɗan-kaɗan a kowane gefe daidai wa daida, ka tura motar, ka sāke aunawa. Gyara gefe ɗaya kaɗai shi ke karkatar da sitiyari, kuma cire sitiyarin a mayar da shi tsakiya ɓoye matsala ne kawai.

Sababbin motoci masu sitiyarin lantarki wani lokaci suna buƙatar a saita na'urar da ke gane kusurwar sitiyari da kwamfuta bayan an daidaita, saboda haka ka tambaya tun farko ko yana cikin kuɗin.

Mataki na 9: Gwaji da dubawa ta biyu

Ka ɗaure notocin maƙalewa, kana riƙe da rotil don ya zauna a miƙe. Ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe mota tana tsaye, ka saurara ko wani abu yana gogawa. Ka yi tafiya a hankali a cikin unguwa, sannan ka hau kwalta ka ga ko motar tana miƙewa da kanta. Bayan mako guda ka sāke duba notoci da gupil, ka shafa tafin hannunka a kan tayar daga ciki zuwa waje. Idan ka ji kaifi ta gefe ɗaya da santsi ta ɗayan, daidaitawar ba ta yi ba, ka koma tun kafin tayar ta yi nisa.

Masu tsofaffin Land Cruiser da Hilux, da Mercedes 190, su lura cewa nasu tsarin akwatin sitiyari ne ba kiremaye ba, kuma gaɓoɓinsa sun fi yawa: akwai hannun da ke fitowa daga akwatin, da doguwar sanda, a wasu kuma da hannun tallafi a ɗaya gefen. Gwajin mataki na ɗaya bai canza ba, sai dai a bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya a rubuta waɗanda suka mutu, domin kowace da farashinta. A irin waɗannan sanduna rotil ɗin gefe ɗaya yakan zo da zaren hagu, wanda ake kwancewa ta inda aka saba ɗaurewa, don haka ka duba kwanciyar zaren tun a shago, ka kuma sāke dubawa kafin ka ɗora masa kile.